Mok ɗin Hausa: "marina" mutane ne ko wuri?

Adimin Ɗan Fagge: Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya dawo daga mok, wato jarrabawar gwajin JAMB, ya yi salla ya sa wani abu a cikinsa, to ya matso mu baje kolin Hausa tun ba ta bi iska ba. Roƙona ɗaya ne: kada wanda ya rubuto mana "lamba 12, C". Jerin tambayoyin ba ɗaya ba ne a kowace kwamfuta, ta 12 ɗinka wataƙila ita ce ta 30 a wurina. Kawo tambayar yadda ka tuna ta, ka faɗi abin da ka zaɓa da kalmominsa. Turanci kuma a bar shi sai bayan isha'i.

Autan Hajiya: Wa alaikumus salam. Ni fa Hausa ko a jikina. Minti goma sha biyu na ba ta, na wuce darasin Gwamnati. Harshen da na sha a nono ne zai tayar min da hankali?

'Yar Zazzau: To sha-a-nono, labarin rini ya fito maka a auna fahimta? Kalmar "marina" da aka ja wa layi a sakin layi na biyu, me ka ce tana nufi?

Autan Hajiya: Wurin da ake rini mana. Wannan ma tambaya ce?

'Yar Zazzau: Kai! Ni fa "masu yin rini" na danna. Yanzu gabana ya fara faɗuwa.

Na Bauchi: Ni ma wuri na zaɓa. Ai tun layin farko aka ambaci marinar Ƙofar Mata, har da shekarar nan ta 1498 da ake cewa an kafa ta.

Basakkwace: Ku dakata mutanen Gabas. Wanga da kunka faɗi a sakin layi na hwarko yake. Wanda anka ja wa layi a na biyu yake, kuma in ban manta ba cewa anka yi marina kan yi sammako su buɗe rijiyoyinsu, su motsa ruwan da doguwar sanda. Wuri na yin sammako?

'Yar Zazzau: Allah ya yi maka albarka, Basakkwace. "Su" ɗin nan na bi. Da wuri ake nufi ai "ta" za a ce.

Malam: Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. In dai haka jimlar take, mutuniyar Zazzau da Basakkwace su ne a kan daidai. Ku faɗi kalmar da baki ku ji. Marina ta wuri, gaɓoɓinta uku duk karin sama ne. Marina ta mutane kuwa sama ce, ƙasa, sama. A baki babu Bahaushen da zai rikita su, ko yaron goye. Rubutunmu na boko ne ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali, don haka sai jimla ta raba gardama. Haka maƙera take, haka majema, haka masaƙa. "Ma'aikata ta rufe" da "ma'aikata sun rufe", kalmar farko ko harafi ɗaya bai canza ba, amma ɗaya gini ne ɗaya mutane. Wanda ya shirya tambayar da gangan ya sa kalmar sau biyu a labarin, ta farko wuri, ta biyu mutane, don ya kama wanda ya leƙa layin farko ya ruga.

Autan Hajiya: Allah gafarta Malam, ai da ka kira sunana kawai an wuce wurin.

Jikan Marini: Wannan ko daga barci aka tashe ni ba zan faɗi ba. Wadda ta tsaya min a rai tun a santa ita ce ta katsi. An ce ana amfani da katsi wajen me. Akwai haɗa sabon ruwan baba, ganyen da ake rini da shi, akwai yin laso, akwai takin gona, akwai wanke zane. Laso na zaɓa. Wa ya zaɓi wani abu daban?

Adimin Ɗan Fagge: Haɗa sabon ruwa.

'Yar Zazzau: Ni ma shi. Laso ɗin ma ban taɓa jin sa ba, na ɗauka don cike gurbi aka jefa shi.

Jikan Marini: Cike gurbi? Ikon Allah. A Kura aka haife ni. Kakana har gobe hannunsa shuɗi ne zuwa gwiwar hannu, sabulu ya gaji ya ƙyale shi. In ruwan rijiya ya mutu, ya daina kama zane, shiga ake yi a kwashe lakar da ta kwanta a ƙasa, a cura ta dunƙule-dunƙule, a shanya, in ta bushe a ƙona. Abin da ya fito shi ne katsi. Shi ake kwaɓawa da ruwan dafara da gashin dabba da ake samowa wajen majema, a sami laso, a shafe cikin rijiya da shi don kada ƙasa ta shanye ruwan. Da shi maginan da suke shafe soraye tun ba a san siminti ba. Da idona na ga ana yi, ni nake miƙa kwanon. Yanzu kwamfuta ce za ta ce min ban san katsi ba?

Yaya Asabe: Ƙanena, babu wanda ya ce ba ka san katsi ba. Duk zauren nan, har ni da nake aji uku a sashen Hausa, babu wanda ya kama ƙafarka a nan. Amma tuna min farkon tambayar. Ba da "bisa ga labarin" aka fara ba?

'Yar Zazzau: Da shi aka fara, Yaya. Labarin kuma cewa ya yi ana zuba katsi tare da toka da baba in za a haɗa sabon ruwa. Laso ko sau ɗaya bai fito ba.

Jikan Marini: Ai wannan ma gaskiya ne, ana zubawa. Shi ya sa nake cewa tambayar ba ta yi adalci ba. Amsa biyu duk gaskiya, an ce ka ɗauki ɗaya. Na ɗauki wadda na san sai ɗan gida ne zai sani.

Basakkwace: Ni ina bayan Jikan Marini. In wanda ya sani ya hwaɗi, wadda ba ta taɓa jin laso ba ta ci, mi anka auna ke nan?

'Yar Zazzau: A'a, ɗazu-ɗazu nake sa maka albarka, yanzu har ka juya min baya?

Yaya Asabe: Tambayarka tana da kyau, Basakkwace, kuma amsarta na cikin sunan abin: auna fahimta. Ba iliminka na rini ake aunawa ba. Ana auna ko za ka iya riƙe abin da wani ya faɗa, ka mayar da shi yadda ya faɗa, ba tare da naka ya zuba a ciki ba. Auta, in Hajiya ta aike ka gidan maƙwabciya ka ce tana nan zuwa gobe, kai kuma ka san halin Hajiya, ka san sai jibi za ta je, me za ka faɗa in ka isa?

Autan Hajiya: Gobe zan ce mana, Yaya. In na ce jibi ai na shiga uku.

Yaya Asabe: To ka gani. Jibin naka zai iya fin goben Hajiya zama gaskiya, amma ba shi aka aike ka da shi ba. Mai fassara a kotu haka yake, mai ɗaukar rahoton taro haka yake, ɗalibin da aka ce ya taƙaita babi a jami'a haka yake. Mu ma har yanzu da wannan ake kama mu: malami ya ce me marubucin ya ce, sai mutum ya cika shafi biyu da abin da shi yake gani.

Jikan Marini: To jarrabawar Hausa ake yi ko ta biyayya?

Malam: Ba zan ce ba ka da hujja ko kaɗan ba, Jikan Marini. Manhajar Hausa ta JAMB kashi uku ce: harshe, al'adu, adabi. Sana'o'in gargajiya, har da rini, suna ƙarƙashin al'adu. Da a can aka yi wannan tambayar, babu labari, babu "bisa ga", aka jera laso da haɗa ruwa tare, to da ni zan fara cewa tambayar gurguwa ce. Amma a auna fahimta, shekarun da na yi ina bin tsofaffin tambayoyi, abin da na lura shi ne amsoshin ƙarya ukun ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wadda ko makaho ya san ba ita ba ce, kamar wanke zane. Akwai mai kama da gaskiya. Sannan sau da yawa akwai wadda gaskiya ce a duniya amma ba ta cikin labarin. Wannan ta ƙarshen ba don raggwaye ake ɗana ta ba, don irinku ne masu sani.

Adimin Ɗan Fagge: Mutumina, tsakaninka da Allah, ka karanta sakin layin katsin?

Jikan Marini: ...

Adimin Ɗan Fagge: Muna ganin kana rubutu kana gogewa.

Jikan Marini: To. Da na ga baba da karofi a layin farko sai na yi murmushi, na ce yau a gida aka same ni. Na danna N, maɓallin zuwa gaba, na wuce tambayoyi. Ban karanta ba.

Autan Hajiya: Barka da zuwa layinmu, ɗan uwa. Akwai wuri a benci.

Na Bauchi: Ku bar shi ya huta. Kishiyar "ɗanye" fa? Ni dafaffe na sa.

Autan Hajiya: Ni ma dafaffe. Ɗanyen nama, dafaffen nama.

'Yar Zazzau: Ni na daɗe tsakanin nunanne da busasshe. Na tuna ɗanyen mangwaro, na tuna ɗanyen itace, sai na danna P, maɓallin komawa baya, na koma labarin. "Ɗanyen ganyen baba" aka ce. Busasshe na bari.

Jikan Marini: Busasshe ne, a nan kam ko ban karanta ba na tsira. Ganyen ana yanko shi a daka shi da ɗanyensa, a cura, a shanya. Busasshen ne ake ajiyewa a kai kasuwa. Babu mai dafa baba, babu mai jiran ya nuna.

Yaya Asabe: Ɗanye kalma ce mai kishiyoyi da yawa, ta fi gidan attajiri. A nama dafaffe, a ɗan itace nunanne, a itace da ganye busasshe. In kuma aka ce wane ya yi ɗanyen aiki, ko an yanke ɗanyen hukunci, duk ukun babu wadda za ta shiga. Shi ya sa haddace jerin kalma da kishiyarta a bayan littafi ba ya kai mutum ko'ina. Sai ka ga da wa kalmar take zaune.

Autan Hajiya: Yanzu dai an ci ni biyu. Amma ta karin magana na san na ci. "Dama mun san a rina." Na zaɓi za a canza launi.

Basakkwace: Inna lillahi.

'Yar Zazzau: Auta, don Allah a wace ƙasa ka sha nonon nan?

Autan Hajiya: To ba labarin rini ake yi ba? Yanzu kuka gama cewa a bi labari!

Adimin Ɗan Fagge: Ba ta cikin tambayoyin labarin ma, ita kaɗai take. Cikonta ai "wai an saci zanen mahaukaciya". Zanen mahaukaciya duk gari an san shi, kullum shi ne a jikinta, wanda ya sace ba shi da yadda zai ɗaura sai ya kai an rina. Ma'ana abin da dama ake zaton zai faru ne ya faru.

Na Bauchi: Kamar sakamakon Auta ke nan. Mun san a rina.

Autan Hajiya: Allah ya isa ban yafe ba.

Basakkwace: Ku bari in ɗan sha iska ni ma. Wa ya ga "mussa"?

Adimin Ɗan Fagge: Na gani. Na tsaya ina kallonta tana kallona. Gardama na zaɓa, na ce ko daga musu take.

Basakkwace: Alhamdu lillahi! Kyanwa ta, mage. Yau Bakano ya ɗanɗani abin da muke sha kullum. Da sun ƙara da kudaku da guro da na yi sadaka.

'Yar Zazzau: Fassara mana, ranka ya daɗe.

Basakkwace: Kudaku dankali, guro kuɓewa. Kuma in kin zo Sakkwato kinka ce a ba ki gujiya, gyaɗa za a miƙo miki. Wadda ku kuke kira gurjiya, ƙwaruru muke ce mata. Tambaya guda anka ba mu cikin arba'in. Sauran talatin da tara duk da bakin Kano anka rubuta su. Ni sai na fassara Hausa zuwa Hausa a kaina kahin in amsa, kuma agogo bai jira na.

Na Bauchi: Kai naka da sauƙi. Ni an kawo jimloli huɗu a zaɓi wadda take daidai. Na ga "rijiyan marini ya cika", kunnena ya ce min lafiya lau, na danna. Sai a Keke Napep na tuna rijiya mace ce a wajensu: "rijiyar marini ta cika". Mu a gida mota ya zo, riga ya yage, babu wanda ya taɓa cewa bai gane ba.

Adimin Ɗan Fagge: Ku daina ɗora mana laifi. Mu ma "wajan" muke faɗa da "zancan", amma in ka rubuta haka an soke. Daidaitacciyar Hausa ta fi kusa da tamu, na yarda, amma ba a Fagge ake magana da ita ba.

'Yar Zazzau: Ai ba za a yi ba, tunda a Zariya aka daidaita muku ita. Ku kuka kawo baki, mu muka kawo alƙalami. Ku riƙa gaishe da iyayen gidanku.

Adimin Ɗan Fagge: Ji Bazazzagiya. Ku da har yau "mota na" kuke cewa.

Yaya Asabe: Wasan Kanawa da Zagezagi ba ya ƙarewa, amma tana da ɗan gaskiya. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, shi ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, gidansa na nan a Kano har yanzu. Daga baya aikin ya koma Zariya, Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East a shekarun 1930, lokacin ne haruffa masu ƙugiya suka shigo. Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939, ita ta kai wannan salon rubutun lungu-lungu. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, an yi na Yamai a 1980 don rubutun Nijeriya da na Nijar su zo kusa. Mutane ne suka zauna suka zaɓa, kuma suka jingina da karin Kano. Ba don Sakkwatanci ya gaza ba. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin da ya sa wa alamar Sakkwato da Katsina.

Basakkwace: To tunda mutane sunka zaɓa, mutane na iya sakewa. Waƙoƙin da malaman jihadi sunka rubuta da ajami tun ƙarni na 19, da bakin wa anka yi su? Tun Bature bai san hanyar Kano ba muke rubuta Hausa.

Malam: Ba ka yi ƙarya ba, kuma a adabi za ka rama. Manyan makaɗan fada da yawa daga ƙasar Sakkwato da Zamfara suka fito, baitin da zai sa ɗan Kano ya yi ta zufa kai zance ne na ƙofar gida. Amma ni ban yarda a ce kowa ya amsa da karinsa ba. Yaro daga Yawuri da yaro daga Azare za su nemi gurbi ɗaya a jami'a ɗaya, dole mudun awon ya zama ɗaya. Abin da zan yarda da shi shi ne ka fi ɗan Fagge aiki kafin ka kai inda yake, kai da Na Bauchi. Wannan nauyi ne na gaske, kuma ban ga amfanin a ɓoye muku shi ba. Na Bauchi, daga yau duk sunan da ya ƙare da "a", tsaya ka tuhume shi. Galibinsu mata ne, amma ka kiyayi irin su gida, ruwa, nama, suna da wata na sama, waɗannan maza ne.

Na Bauchi: Na gode, Allah gafarta Malam. Wato ko a nan ma sai an sami masu saɓa layi.

'Yar Zazzau: Saura ƙa'idojin rubutu. "Akan tsoma zane sau da yawa" da "a kan tsoma zane sau da yawa", wanne kuka ɗauka? Ni haɗaɗɗen.

Jikan Marini: Rababben na ɗauka. Kar ki ce min shi ma ya tafi.

'Yar Zazzau: Ya tafi, sai haƙuri. Akan a haɗe na sabo ne, ɗan uwan yakan da takan da sukan. A kan a rabe kuwa bisa ne: a kan dutse, a kan tebur. Yadda nake ganewa, in zan iya sa "sukan" a wurin jimlar ta tsaya, to a haɗe yake.

Yaya Asabe: Dabarar nan ta fi bayanin da ni zan yi. Ku haɗa da su motarsa da gidansu a haɗe, za su da za a a rabe. WhatsApp ya ɓata mana ido, kullum muna ganin "motar sa" da "zasu" har sun zama kamar su ne daidai.

Na Bauchi: Ni wani abu ma ya same ni. Kwamfutar da aka ba ni a santarmu tsohuwa ce, duk inda ƙ ko ɗ take sai wani ɗan akwati ya fito a madadinta. Na ɗaga hannu aka canza min, amma kafin nan minti biyar sun tafi. Ka ga akwati da "afa", ka rasa ƙafa ce ko me.

Autan Hajiya: Ka ga irin wannan ai sai a sake mana gaba ɗaya. Ba an taɓa sakewa ba?

Adimin Ɗan Fagge: A 2025 ne, kuma babbar jarrabawar ce ba mok ba. Kusan mutum 380,000 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas suka sake, saboda tangarɗar na'ura, har shugaban hukumar JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya ba da haƙuri. Taka tangarɗar ba a na'ura take ba, Auta.

Autan Hajiya: To bari in yi lissafi. Tambaya 40, maki 100, in aka raba kowace biyu da rabi ke nan. Marina, ɗanye, a rina, mussa ma gardama na sa. Goma sun tafi a abin da aka tattauna kawai. Katsi ne ban tuna me na danna ba.

'Yar Zazzau: A harshen da ka sha a nono.

Malam: Ku bar shi haka, ya ji. Auta, matsalarka minti goma sha biyun nan ne. Tambaya 180 ce a awa biyu, 60 Turanci, 40 sau uku na sauran darussa. In ka raba, daƙiƙa 40 kowace tambaya take da ita, wato Hausa tana bin ka kusan minti 27. Ka ba ta ƙasa da rabi ka kai wa Gwamnati sauran, alhali maki ɗari ne nan, maki ɗari ne can. Mu lokacin da muka yi tamu da fensir ne da takarda, kana iya ja wa kalma layi ka zagaye "bisa ga labarin". Tun 2015 da komai ya koma kwamfuta wannan ya wuce, sai dai P da N. Ku yi amfani da P ɗin nan, ba ado ba ne. Mutuniyar Zazzau da shi ta ci ɗanye.

Adimin Ɗan Fagge: An kira magariba a nan. Turanci bayan isha'i kamar yadda aka ce. Wanda bai ci abinci ba ya ci, don na ga alamar can za a fi kuka.

Jikan Marini: Ina kwananku. Jiya da daddare na kira Kaka na ba shi labari tiryan-tiryan, har da katsin. Na ɗauka zai goya min baya. Dariya ya yi ta yi har da tari, ya ce duka biyun ana yi, ni da mai labarin babu maƙaryaci. Sai ya tambaye ni ko labarin ya faɗi yadda ake gane ruwa ya yi, kumfar nan da ke taruwa a sama mai ƙyalli da warin da ke tashi in an ɗaga murfi. Na ce ban sani ba. Ya ce ko ya faɗi cewa zane ba shuɗi yake fitowa daga rijiya ba, tsanwa-tsanwa yake fitowa, sai ya sha iska yake juyewa a hannunka kana kallo. Na ce ban sani ba. Ya ce to kai me ka sani a labarin? Na yi shiru.

'Yar Zazzau: Ya faɗi na iskar, a sakin layi na uku. Har tambaya aka yi a kai, dalilin da ya sa ake fito da zane a sake tsomawa.

Jikan Marini: Wannan na ci da ilimin gida. Amma abin da ya ɓata masa rai daban ne. Da ya ji Ƙofar Mata kaɗai aka ambata, ya ce Kura fa? Turkuɗin da Buzaye suke naɗawa har cikin Sahara a ina ake rina shi a buge shi? Rawanin da ake kira ɗan Kura sunan wane gari ya ɗauka? Ya ce in gaya wa masu jarrabawar su zo ya ba su labari na biyu.

Basakkwace: Ka gaishe min da Kaka. Ka ce mishi mu ma da munka yi ƙorahi cewa anka yi mudu guda na.

Malam: A gaishe da tsoho, Allah ya ƙara masa lafiya. Tunda abin ya kai haka, 'yan Kano mu haɗu ranar Asabar a Ƙofar Mata da ƙarfe goma, kafin lesin. Jikan Marini zai nuna mana katsi da laso da ido, ni kuma zan zo da labarai uku na auna fahimta, a nan bakin rijiya zai karanta mana su da ƙarfi, daga layin farko har na ƙarshe.

Jikan Marini: Na shiga uku. To Malam.

Na Bauchi: Mu na nesa a ɗauko mana bidiyo, musamman wurin da zanen yake juyewa.

Autan Hajiya: Zan zo. Akwai abin da ake zuwa da shi?

Jikan Marini: Tsohon farin ƙyalle in kana so a tsoma maka, da ɗan abin da za ka ba marinan. Kuma kada ka sa farar shaddar nan taka ta Juma'a.